Za mu lulluɓe bangon makaranta da aluko, ko akwai abin da ya fi?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu harkar gini na cikin zauren nan ina neman shawara. Mu tsofaffin ɗalibai ne muka haɗa kuɗi zamu gyara bulok ɗaya na makarantarmu ta sakandare, bene ne hawa ɗaya, aji 4 a ƙasa 4 a sama. Matsalar bangon gabas ce, duk damina sai fenti ya kumbura ya zube, filasta ta fara tsagewa, ta ciki kuma zaka ga bangon yayi baƙi har yana wari, sannan da zafi ajujuwan sama basa zaunuwa tun ƙarfe 11. Wani ɗan kwangila yace mu daina asarar kuɗi a fenti, mu lulluɓe bangon gaba ɗaya da aluko, wato allon alminiyon irin wanda ake sawa a bankuna da gidajen mai, wai mun huta kenan. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan bane kuma kuɗin jama'a ne, amana ce, shi yasa nace bari na tambaya kafin ranar zaman kwamiti.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Abin da ɗan kwangilar yake nufi akwai shi a ilimin gini, rensikirin ake ce masa, amma a nan gida sau da yawa rabin aikin ake yi. Yadda tsarin yake, akwai bangonka na bulo a ciki, sai a kafa sanduna na alminiyon ko ƙarfen da baya tsatsa a jikinsa, sai a ɗaura alluna a kan sandunan, tsakanin allo da bango a bar rata kamar santimita 3 zuwa 5, a buɗe ta ƙasa a buɗe ta sama. Allon waje shi ke shan dukan ruwa da rana. Ɗan ruwan da ya kutsa ta haɗin alluna baya isa bango, gangarowa yake ta bayan allo ya fita ta ƙasa, iskar dake bin ratar kuma ta busar da sauran laimar. Kuma abin da mutane basu lura dashi ba, yawanci iska ce ke cusa ruwa cikin tsaga, idan ƙarfin iskar dake bayan allo yayi daidai da na gabansa toh babu mai tura ruwan ciki.

Mutanen Norway ne suka daɗe suna yi da katako a rumbunansu saboda ruwansu da iska yake zuwa, a 1962 cibiyar binciken gini ta ƙasar ta fitar da rubutu a kai, a 1963 kuma wani mai bincike a Kanada, G. K. Garden, ya bayyana shi dalla-dalla, daga nan ya bazu. Toh mu a nan me ake yi? A kafa allo, a bi duk haɗin da silikon a toshe, a toshe ƙasa a toshe sama saboda yayi kyau a ido. Rana ta cinye silikon ɗin, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, kai kuma baka ganin ɓarnar da yake yi saboda allo ya rufe.

Malam Sani Magini:
Alhaji kafin a je ga maganar allo ina da tambaya. Baƙin da bangon yake yi daga ina yake farawa, daga ƙasa yake hawa ko daga sama yake saukowa? Kuma in ka shafa wajen akwai wani farin gari kamar gishiri dake biyo hannunka?

Abban Sadiq:
Duka biyu ne Malam Sani. Ta ƙasa kamar zuwa gwiwa yana da wannan farin garin, filastar ma da yatsa zaka marmasa ta. Ta sama kuma daga ƙarƙashin tagogi yake yin layi.

Malam Sani Magini:
Toh kaga cuta biyu ce. Ta ƙasan nan ba ruwan sama bane ke dukanta, daga ƙasa ginin yake shan ruwa, ko ba'a sa dipisi ba lokacin gini, wato ledar da ake shimfiɗawa a gindin bango don ta tare laima, ko ledar ta ruɓe, ko kuma an cike harabar da ƙasa har ta haura shi. Wannan ko allon zinare ka saka bazai hana ba, kamar ka sa wa mai ƙurji sabuwar riga ne, ƙurjin yana nan yana ci a ciki. Sai an farfasa filastar da ta mutu, a rage ƙasar da ta taru a gindin bango, a yi daɓe mai gangara da zai kore ruwa nesa, a duba ko indararo yana zubarwa a gindin ginin. Na ƙarƙashin taga kuma leɓen tagar ne ba'a fito dashi ba, ba'a kuma yi masa ɗan tsagi ta ƙasa da zai sa ruwa ya ɗiga ba, sai ruwan ya bi jikin bango. Aikin birkila ne na kwanaki kaɗan.

Injiniya Bala:
Gaskiya ne Baba, wannan shi ne farko. Bangon da za'a rufe dole ya zama lafiyayye kuma busasshe.

Umar daga Manchesta:
Salam. Ni aikin da nake yi a nan kenan, cire irin wannan allon daga jikin gine-gine ana sa wani, don haka dan Allah Yaya Abban Sadiq ka karanta wannan da kyau. Allon da muke cewa aluko ba alminiyon zalla bane, fallen alminiyon biyu ne sirara da wani abu a tsakiya. Mai arahar, roba ce a tsakiyarsa, kuma robar nan ci take da wuta tana narkewa tana ɗiga. Shi ne abin da ya faru a benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, bene mai hawa 24, wuta ta tashi daga firji a wani gida a hawa na 4, ta fita ta taga ta kama allon waje, ratar iskar nan da Injiniya yake bayani ita ta zama hanyar da wutar ta bi ta haura sama, mutum 72 suka rasu. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike ya fito a Satumbar 2024. Tun ƙarshen 2018 Ingila ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon waje na gine-ginen kwana da suka haura mita 18, har da ɗakunan kwanan makarantun kwana. Na san naku bai kai wannan tsayin ba, amma yara ne a sama kuma irin bulok ɗinmu sau da yawa matakala ɗaya ce.

Ba tsarin ne mugu ba, a nan makarantu da yawa dashi aka yi su. Sharaɗin shi ne allon ya zama wanda baya cin wuta, in za'a sa abin tare zafi a ratar a sa audugar dutse, sannan a zagaye kowace taga da tsakanin hawa da hawa da abin datse wuta, akwai wanda yake barin iska ta wuce amma da ya ji zafin wuta sai ya kumbura ya toshe ratar.

Ɗan Maradi:
Allah ya jiƙansu. Maganar wuta a lakwal, wato makaranta, mu a Nijar ba labari bane da muka ji daga nesa. A 2021 sau biyu abin ya same mu, watan Afrilu a Yamai, watan Nuwamba kuma nan Maradi, ajujuwan zana ne suka kama da wuta, nan garinmu yara ƙanana sama da 20 suka rasu. Har gobe in na wuce ajin zana sai gabana ya faɗi. Duk abin da za'a sa a jikin ginin da yara ke ciki tambayar farko ita ce yana ci da wuta ko baya ci, kyau daga baya.

Nura Gwale:
Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi ra'ayina. Makarantun da yara suke zaune a ƙasa, babu benci babu banɗaki mai ruwa, shi ne za'a kwashe kuɗi a yi wa bango kwalliyar Turai? Norway da Ingila ruwa suke sha kusan duk shekara, mu damina wata 4 ce. A gyara filasta a yi fenti mai kyau, ragowar a sayi benci da littattafai.

Abban Sadiq:
Malam Nura maganarka tana kan hanya, kuma a kwamitin ma akwai masu wannan ra'ayin. Benci dai mun yi bara. Abin da ke damuna shi ne fentin nan kusan duk bayan shekara 2 sai an sake, in ka tara kuɗin ba ƙarami bane, kuma zafin ajujuwan sama fenti bazai magance shi ba.

Akitek Zainab:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma inaga Malam Nura yana da rabin gaskiya, Injiniya yana da rabi. Damina gajera ce a wajenmu amma ruwanmu da guguwa yake zuwa kuma galibi daga gabas hadari yake tasowa, shi yasa ko a gidajen ƙasa na cikin gari bangon gabas ne yake fara zaizayewa. Shi dai bangon gabas ɗin ne kuma yake shan ranar safe daidai lokacin da ake karatu. Don haka idan akwai bango ɗaya da ya cancanci kariya shi ne, ba sai an lulluɓe ginin gaba ɗaya ba. Bangon kudu da na arewa dogon leɓen rufi ma ya ishe su.

Amma zancen zafin ajin sama, Abban Sadiq ina so ka hau ka duba min abu biyu, akwai silin ko kwano ne tsirara, in akwai silin kuma iska tana da hanyar fita tsakaninsa da kwano? Domin a ɗakin da yake ƙarƙashin rufi yawancin zafin daga sama yake saukowa, kwano da rana tsaka hannu baya iya taɓa shi, in zafin ya taru a cikin silin babu mafita toh kan yara yake sauka. Kuma dabarar ita ce dai wadda Injiniya ya faɗa, abu biyu da rata a tsakani iska tana wucewa, sai dai a rufi maimakon bango.

Ku duba aikin Francis Kéré a Burkina Faso, yanayinsu ɗaya da namu. Makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, bulon ƙasa ne da aka matse, silin ɗin ma na ƙasa ne, sai ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa ya bar sarari, ya kuma fito da leɓensa sosai yadda ruwa baya dukan bango. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine. A sakandaren Schorge da ya yi a Koudougou a 2016, bangon na jan dutsen marmara ne na yankin, sai ya zagaye ajujuwan da shingen sandunan itacen turare a tsaitsaye, tsakanin shingen da bangon ya zama inuwar da ɗalibai ke zama. Ba'a kawo allo daga waje ba amma rana bata dukan bango kai tsaye.

Ɗan Maradi:
Hajiya ko nan kusa da mu akwai Dandaji a jihar Tawa, inda Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka maida tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa matsattse, a 2018 aka gama. Maginan garin ne suka yi aikin da hannunsu.

Malam Sani Magini:
Ai iyayenmu da tubali suka yi gini, a yi yaɓe a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ruwa ya zo ya zame. Amma sirrin shi ne duk shekara bayan damina mai gida yana duba bangonsa ya gyara. Makaranta kuwa bata da mai gida, shugaba ya zo ya tafi, kwamiti ya canza. Shi yasa duk abin da za ku saka ku tambayi kanku, in allo ɗaya ya fashe bayan shekara 5 wa zai gyara, kuma a wace kasuwa za'a samo irinsa.

Malama Rabi:
Ni malama ce ba maginiya ba amma bari na faɗa muku abin da nake gani kullum. Duk bangon da yake fuskantar fili gola ce, ƙwallo zata doke shi daga safe har yamma, ga jifa, ga jingina keke, ga yara masu ƙwaƙular duk wani abu da suka ga ya ɗan ɗago. A wata makaranta da na koyar an sa irin allon nan a ofis, kafin shekara ta zagayo ƙasansa duk ya loɓa, an ɓalle kusurwa ɗaya, rina suka yi gida a ciki har suka harbi wata yarinya 'yar aji ɗaya a fuska. Jemagu kuma in suka samu rata irin wannan warin kashinsu kaɗai ya isa ya kori aji. Sannan Hajiya Zainab kar a manta da bangon yamma, makarantu da yawa ana Islamiyya a cikinsu bayan la'asar, lokacin bangon yamma ya gama shan rana yana huci.

Akitek Zainab:
Wallahi Malama wannan bayanin naki yafi zane amfani. Abban Sadiq ana Islamiyya da yamma a naku?

Abban Sadiq:
Ana yi Hajiya, daga 4 zuwa 6, kuma har da ajin matan aure ranar Asabar da Lahadi. Na kira maigadi ya duba min, silin akwai amma a rufe yake ruf, babu wata kafar iska, wasu wuraren ma ya ɓurma.

Injiniya Bala:
Toh ga yadda ake magance abin da Malama ta lissafa. Buɗin ƙasa da na sama ba'a barinsu haka, raga ake sawa ta alminiyon ko ta ƙarfen da baya tsatsa, mai ƙananan ido yadda iska zata wuce amma rina da ƙadangare da ɓera bazasu shiga ba. Kuma a ɗaura ta da sukuru yadda za'a iya kwancewa, saboda ƙurar hunturu zata taru a kai, in ta toshe ratar ta mutu. Sau ɗaya a shekara kafin ruwan farko a kwance a share. Daga ƙasa zuwa kamar mita 2 kuma kar a sa allo mai laushi sam, a yi da jan bulo ko a bar bangon da filasta mai ƙarfi, allo ya fara daga sama inda ƙwallo da hannu basa yi masa illa sosai.

Kayan da za'a iya zaɓa, akwai allon siminti mai zare, baya cin wuta gara bata cinsa, amma a tabbatar sabon samfuri ne wanda babu asbestos a ciki, kuma masu yanka shi su sa takunkumi saboda ƙurarsa tana illa ga huhu. Akwai fale-falen gasasshen yumɓu, su suka fi daɗewa kuma launinsu baya koɗewa amma suna da nauyi da tsada. Katako a wajenmu ban bada shawara ba sai an sha masa maganin gara sosai, ga kuma maganar wuta.

Akitek Zainab:
Ni kuma in nice zan fi karkata ga bango na biyu na jan bulo mai huji-huji, a ba shi nasa ɗan tushen, a bar rata tsakaninsa da tsohon bango, a ɗaure su da ƙananan ƙarafa. Birkilan unguwa zai iya, in ya fashe a sayo bulo a maye, baya son fenti har abada. Irin wannan tunanin ne a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana tun shekarun 1950, shingen kankare mai huji a gaba yana tare rana iska tana wucewa, kuma yana nan tsaye.

Injiniya Bala:
Na yarda dake a bangon yamma Hajiya, can rana ce matsalar. Amma a gabas mai huji bazai tare ruwan guguwa duka ba, zai rage dai. In bulo za'ayi a gabas toh a yi shi a rufe, a bar ƙananan kafofi a layin ƙasa don ruwa ya fita da wasu a sama don iska. Kuma bene ne, dole a lissafa nauyi da yadda za'a ɗaure shi, bangon bulo siriri mai tsayin bene in ba'a ɗaure shi da kyau ba iska zata iya kayar dashi kan yara.

Akitek Zainab:
Haka ne, a gabas a rufe. Bamu da saɓani a nan.

Nura Gwale:
Toh yanzu kun dawo inda zan iya binku. Gyaran gindin bango, kafar iska a silin, jan bulo a bango biyu kawai, wannan kuɗin zai tsaya a hannun maginanmu. Abin da ban yarda dashi ba shi ne a rufe ginin duka da abu mai ƙyalli don a ɗauki hoto ranar buɗewa.

Abban Sadiq:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Abin da zan kai wa kwamiti, a fara da gindin bango da leɓen tagogi da rufi, sannan a nemi farashi biyu na bangon gabas da yamma, na jan bulo da na allon siminti. Amma nasan akwai wanda zai dage sai aluko saboda ya riga ya ga hoto ya burge shi. In aka rinjaye ni ta yaya zan gane mai robar?

Umar daga Manchesta:
Ka sa a yanko maka guntu ka kalli gefensa Yaya. Mai robar yawanci tsakiyarsa baƙa ce, wanda aka cakuɗa da ma'adinai don rage cin wuta kuma fari ne ko ruwan toka kuma yafi nauyi a hannu. Amma kar ka tsaya a launi, ka nemi takardar gwajin wuta daga kamfanin da ya ƙera, a ma'aunin Turai A1 ko A2 ake nema, kuma ka duba sunan dake takardar yayi daidai da wanda aka buga a bayan allon da aka sauke muku, ba wanda aka nuna muku a shago ba. Araha bata ado a wannan wajen.

Malama Rabi:
Tambaya ta ƙarshe Injiniya. Wanda aka sa a ofishin da na faɗa, da rana sai ka ji yana ƙas ƙas shi kaɗai, in iska ta taso kuma kamar zai tashi. Ba zai hana yara jin darasi ba?

Injiniya Bala:
Ɗaurin ne ba daidai ba Malama. Alminiyon yana miƙewa in ya ji zafi, allo ko sanda mai tsawon mita 3 in zafinta ya ƙaru da digiri 50 tsakanin asuba da rana tsaka zata ƙara kusan milimita 3 da rabi, in aka matse ta ko'ina babu wajen motsi sai ta riƙa ƙara tana lanƙwasa har ta yage ramin sukurun. Shi yasa ake matse ta a waje ɗaya kawai, sauran ramukan a yi su masu ɗan tsawo, a bar kamar milimita 8 zuwa 10 tsakanin allo da allo. Kaɗawar iska kuma sandunan ne suka yi nisa da juna ko an yi rowar sukuru a kusurwa, inda iska tafi ƙarfi. Sukurun ma kar a sa baƙin ƙarfe a jikin alminiyon, in laima ta taɓa su cin juna suke, a sa wanda baya tsatsa. Abban Sadiq duk wanda kuka bai wa aikin ku sa ya fara yin mita 2 a kusurwar gabas, ku watsa masa ruwa da tiyo daga sama ku tsuguna ku ga ta inda yake fita, in ya fita ta ƙasa bangon ciki a bushe sai ya ci gaba.